Hannun da Inna Ta Ɗaure

Ina yaro a Bungudu bindiga ɗaya tak na sani a unguwarmu. Ta wani maharbi ce mai gida kusa da rafi, irin ta ɗuri wadda sai an zauna an cusa mata albarushi da tsumma kafin ta yi magana sau ɗaya. Ɗan sandan da muke gani a kasuwa kulki ne a hannunsa, kuma kulkin ya ishe shi. Mutum yakan hau keke daga Gusau ya tafi Tsafe, ya zarce Bilbis ya sayo wake, ya dawo da yamma, abin da yake tsoro a hanya bai wuce faci ba. Yau kuwa ko matan cikin gida in sun ji ƙara daga nesa suna iya gaya maka ta jami'an tsaro ce ko ta mutanen daji, kuma babu mai kama hanyar nan bai fara tambayar direbobin tasha yadda ta kwana ba. A wancan zamani da wani ya ce mini ɗiyar cikina za ta rataya ƙaramar bindiga a ƙugu ta fita aiki, da na ce a kai shi a duba shi. Ga shi ta rataya, kuma saboda ita nake rubuta wannan babi.

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a dangi. Ana cewa yayarku Ummi ta faɗi jarrabawar harbi a makarantar horo, ni kuma na je na yi amfani da tsohon muƙamina aka ɗaga ta. Wasunku sun ji wannan magana a gidan biki, sun dawo sun yi shiru don kunya. To ga yadda aka yi daga bakina, ku riƙe shi.

Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin ɗan sanda, rabinsu ina koyar da harbi. Aikin ya yi yawo da ni. A Ibadan na koyi Yarbanci, a Sudan na gyara Larabcin allo ya zama na kasuwa, a Kodebuwa na tsinci Faransanci, Fillanci kuwa tun a gida na same shi wajen dangin Inna, mahaifiyata. An haifi Ummi ana saura kaɗan in yi tafiyata ta farko zuwa waje. Sunan Inna muka sa mata, shi ya sa ba wanda ke kiran sunanta na yanka a gidan nan. Da aka yaye ta Inna ta aiko daga Bungudu ta ce a kai mata takwararta, aka kai. Ni kuma ina can, in na zo hutu in gan ta kwana biyu, in ba ta alewa, in koma. Lokacin da na dawo na zauna sosai ta riga ta shiga firamare. Yarinya ce mai kaifin kai, amma rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda, kuma in ta ɗauko kofin shayi sai ta zubar da rabi. Muka ɗauka haka Allah ya yi ta, muna ce mata mai sakin hannu, ita ma tana dariya.

Ita ta zaɓi aikin da kanta bayan ta gama karatu, ban tura ta ba. Abin da na yi kawai, da za ta tafi horo na zaunar da ita na ce, in an zo kan fistol, wato ƙaramar bindigar ƙugu, aka ba su dama, ta ɗauki babbar nan ta ƙarfe zalla, mai nauyi, wadda na rataya kusan duk rayuwata. Na ce mata nauyinta ne ke hana ta tsalle a hannu. Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar hannuna ce, ni da tafina ya kusa faifai. Ta yi yadda na ce. Gudu ta ci, fareti ta ci, takarda ta zo cikin na gaba. Harbi kuwa ta faɗi, aka sake ba ta dama ta sake faɗi. Aka sallame su gajeren hutu da sharaɗin in an koma za a gwada ta karo na ƙarshe, in ta faɗi ta haɗa kayanta ta dawo gida.

Ta iso Gusau ta rame, idanu sun faɗa. Washegari ƙanena Alhaji Sanusi, mai shagon atamfa a kasuwa, ya zo gaishe ni, ya same ta tana shara. Shi tun farko bai so aikin ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

"A'a, ranka ya daɗe Sufeto!" in ji shi, ya ƙame ya sara mata. "An ce duk tsuntsayen garin sun ƙaura saboda harbinki, allon da kike auna kawai ya rage lafiya lau."

"Baba Sanusi, ina kwana," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ki dawo shago, ɗiyata. Almakashi ba ya ƙara, kuma ba a faɗuwa jarrabawarsa."

Mahaifiyarku Hajiya Luba ta leƙo daga madafa ta ce, "Alhaji, ka bar mini yarinya ta sha iska, ko ruwan gidan ba ta gama sha ba."

Ya yi dariya ya wuce zaure. Ni ban yi ba. Na ga yadda Ummi ta riƙe tsintsiyar nan, na san in ta dawo gida a kan wannan, ba aikin kaɗai za ta rasa ba. Za ta yarda har ranta cewa hannunta ba ya iya komai, kuma da wannan za ta tsufa.

Na yi ta tambayarta yadda take tsayawa, yadda take numfashi, yadda take jan kunama, wato ɗan ƙarfen da yatsa ke ja bindiga ta tashi. Duk amsarta daidai, kamar tana karanta mini littafin da na koyar. Ta ce harsashinta kullum ƙasa yake faɗawa ta gefe, kuma kafin ta gama zagaye ɗaya wuyan hannunta ya mutu. Na rasa inda matsalar take. Ba ni da bindiga a gida, tawa na mayar ranar da na yi ritaya, don haka sai zance kawai muke yi.

Ana nan wata rana da hantsi ina zaune a tsakar gida ina jin rediyo, ita tana wanki, kazar mahaifiyarku tana kiwo da 'yan tsakinta kusa da rijiya. Sai shirwa ta kawo sura. Kafin in ce wani abu Ummi ta sunkuya ta ɗauki guntun bulo ta wurga. Ya sami shirwar a fiffike tana tashi, ta saki ɗan tsakon, ta yi gaba tana tangaɗi. Na ga jifa a rayuwata, amma ba abin da ya tsayar da ni sai hannun da ya yi jifan.

"Ummi, da wane hannu kika yi wannan?"

Ta dubi hannunta na hagu, ta yi maza ta ɓoye shi a bayan zane kamar ta ɗauki abin wani.

"Yi haƙuri Baba, mantawa na yi."

"Mantawa da me?"

Hajiya Luba ce ta ajiye tsintar shinkafa ta ce, "Ai bahaguwa ce, Alhaji. Da hagu ta fara komai. Inna ce ta gyara ta tun tana Bungudu, ta ɗaure hannun da ɗankwali a jikinta har ta saba da dama. Na ɗauka ka sani."

"Wa ya gaya mini?"

"To ina ka zauna da za a gaya maka? Kuma abin da aka riga aka gyara, mene ne na tayar da shi?"

Na sa Ummi ta miƙa hannuwanta biyu, ta haɗa su ta bar 'yar kafa a tsakiya, ta dubi ƙusar da ke bangon madafa ta cikin kafar, sannan ta jawo hannuwan a hankali zuwa fuskarta. Kai tsaye suka tafi idonta na hagu. Nan na gane komai. Idon da take gani da shi na hagu ne, hannun da ke da ƙarfi da natsuwa na hagu ne, an ba ta bindigar da ta fi tafinta girma a hannun da aka koya mata da ɗankwali, aka ce ta sami tsakiyar allo. Na horar da ɗaruruwan mutane, abu na farko da nake dubawa ke nan a jikin baƙo. A jikin ɗiyata ban taɓa dubawa ba, don ban ga lokacin da take rarrafe ba.

Na ce mata magana ta ƙare, in ta koma da hagu za ta harba. Na zaci za ta yi murna. Sai ta girgiza kai.

"Baba, ba zan iya ba."

"Yanzun nan na ga kin iya."

"Na yi wa Inna alkawari. Ta ce duk abin da aka kama da hagu ba ya albarka. Ta sa na ce ba zan ƙara ba, na ce. Ko allura na ɗauka da shi sai in ji kamar tana kallona."

Kada ku yi mata dariya. Na zauna da mutane iri-iri, kuma wannan abu ba namu ba ne mu kaɗai. A Ibadan na ga an mayar wa yaro kuɗin cefane don ya miƙa da hagu. A Sudan ba ka sa hagu a akushi ka sake samun gayyata. A Kodebuwa kuma na yi aiki da wani Bature likita da ke rubutu da hagu, yana ɗinke rauni da hagu, ba wanda ya ɗaga kai. Namu yana da tushe, addini ya koya mana ci da sha da gaisuwa da dama, kuma ina kan haka har gobe. Amma tsofaffinmu sukan ɗauki abu su faɗaɗa shi don tsoron kada yaro ya ji kunya a gaban mutane. Na san zan iya yi wa Ummi tsawa ta bi umarnina. Na kuma san mai harbi da zuciya biyu ba ya samun komai. Wanda ya ɗaura shi ne zai kwance, don haka na ce ta shirya mu tafi Bungudu.

Lokacin hanyar ba ta da daɗi. Na je tasha na tambaya, direbobi suka ce a bari rana ta ɗaga, motoci su yi yawa, a bi ayari. Haka muka yi, muka isa lafiya. Muka sami Inna a inuwar rumfa tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma baki yana nan. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, Na-Hanya take ce mini saboda yawona.

"Wa nake ji kamar Na-Hanya? Yau kuma daga wace ƙasa?"

"Daga Gusau, Inna. Ga takwararki."

"Soja ta zo! Taho nan in taɓa ki. Kai, ba su ba ku tuwo can? Duk kin zama kara."

Bayan an gaisa an sha fura, na kwashe labari na gaya mata, ban rage ba. Na ce ba na zo in ce ta yi laifi ba, na zo ne don yarinya ta ƙi taɓa abu da hagu sai da izininta, kuma in ba ta taɓa ba aikinta ya tafi. Inna ta ci gaba da murza ɓawon gyaɗa a tafinta. Ummi ta sunkuyar da kai.

"Mi kika ce na ce miki?" in ji Inna.

"Kin ce abin da aka kama da hagu ba ya albarka."

"Na ce. Kina 'yar mitsitsiya kina sa hagu a kwanon mutane, kina miƙa wa liman goro da hagu, ina jin ana cewa ga jikar wance ba a koya mata ba. In bar ki? Ubanki yana can yana koyon yaren Nasara." Ta juyo wajena. "Kai, wagga bindiga, ci ake yi da ita?"

"A'a, Inna."

"Gaisawa ake yi da ita?"

"Ba a fata."

"To ni abinci na hana, da gaisuwa, da miƙa wa babba abu. Yaushe muka yi zancen bindiga da ke? Lokacin ko maza ba su da ita." Ta lalubo hannun Ummi na hagu ta riƙe shi da nata biyu, tana shafa wuyan hannun daidai inda ɗankwali yake zama. Muryarta ta sauka. "Kin yi kuka ƙwarai lokacin nan. Ni ma na yi, ba ki gani ba. Na kwance, takwara. Ki je ki kama abinki da shi. Allah shi sa kada ki taɓa harbin kowa, Allah shi sa ganinta kawai ya isa."

Muka ce amin. Ummi ta kifa kai a cinyarta. Ni na tashi na fita wai zan duba rumbu.

Sauran hutun a tsakar gida muka yi shi. Na sa masassaƙi ya fafe mana itace mai siffar fistol, tana ɗagawa da hagu tana saukewa, tana tsayar da kwalbar ruwa a miƙe har hannu ya gaji. Abin mamaki, hannun bai manta ba. Kamar wanda aka daɗe da kullewa a ɗaki aka buɗe masa ƙofa.

Da hutu ya ƙare na raka ta makarantar, kuma wannan tafiya ce ta jawo duk maganar da kuke ji. Tun da na yi ritaya ban taɓa taka ofishin kowa da roƙo ba. Ran nan na zauna a benci a bakin ƙofar mai kula da horon harbi, wani da ni na koya masa riƙon bindiga yana sabon shiga, na jira har aka kira ni. Ya tashi zai sara mini, na ce ya zauna, yau uba ne ya zo. Abu biyu na roƙa. A bar ta ta harba da hagu, kuma a bar ta ta gwada duk irin fistol da ke ma'ajiya ta zaɓi wadda ta zauna mata. Ya ce ai babu dokar da ta hana ko ɗaya, ba a dai saba tambaya ba ne. Na ce batun makin jarrabawa kuwa, in ta faɗi a kore ta, kuma in na ji an ƙara mata ko ɗigo ni da kaina zan kai ƙara.

A Kodebuwa na fara ganin ana yin haka. Wani sajen Senegal mai kula da makamai yakan shimfiɗa bargo a tebur, ya jera bindigogi babu harsashi, kowa ya zo ya riƙa ɗaya bayan ɗaya kafin a rubuta masa tasa. Mu a zamaninmu abin da aka miƙo maka shi ne naka, in bai dace da kai ba kai ne ba ka dace ba. Haka aka jera wa Ummi guda huɗu, aka tabbatar babu komai a cikinsu, ni ina tsaye a gefe na harɗe hannu a baya. Ta fara ɗaukar irin tawa. Ko da hagun, yatsanta da ƙyar ya kai kunama, sai ta karkata riƙon kafin ya kai. Ta ajiye. Ta ɗauki tsohuwar libarba mai juyawa, ta ce mariƙin ya yi mata daɗi amma kunamar ta yi tauri, kafin ta ja bakin ya kauce. Ta ɗauki 'yar ƙarama ƙwarai, wadda na tabbata ita za ta zaɓa. Ta juya ta, ta ce ƙaramin yatsanta yana lilo a iska, babu inda zai kama. Ta huɗun matsakaiciya ce, mariƙinta siriri, rabinta ba ƙarfe ba, irin waɗanda ni da abokaina muke rainawa muna ce musu kayan wasan yara. Ta riƙe ta, ta rufe ido, ta ɗaga hannu, ta buɗe. Bakin yana daidai inda take kallo. Ta sake, haka. Ta dube ni.

"Baba, wannan ce. Ka yi haƙuri, ba irin taka ba ce."

Bakina ya cika da dalilai goma na cewa ta ƙarfe ta fi. Na haɗiye su duka.

"Hannunki ne zai riƙe, ba nawa ba," na ce. "Ɗauki."

Ban tsaya ganin jarrabawar ba, don kada a ce tsayuwata ce. Na dawo Gusau, ta yi 'yan makonni tana atisaye da sauran. Ranar da aka gwada su ina gona a Nahuce ana cire ciyawa, waya ta yi ƙara a aljihu. Na ji muryarta tana haki.

"Baba, na ci. Ba ta ɗaya na zo ba, amma na ci da sarari."

Na ce alhamdu lillahi, na kashe wayar, na zauna a kan kunyar gona. Masu aiki suka zo suna tambaya ko jiri ne, na ce a'a, wani kaya ne na sauke. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ya tafi. Da yamma na biya Bungudu na gaya wa Inna, ta ce to a gaya wa takwara in ta zo gaishe ta ta bar abin a waje, kada ya tashi ya kashe mata awaki.

Abin bai zo kyauta ba. Wani ya gan ni a bencin nan, magana ta riga ni isowa gida. Alhaji Sanusi ya yi fushi, ya ce na je na sa tsohuwa ta warware tarbiyyar da ta yi, ya kusa shekara ba ya zama a zaurena sai gaisuwa a tsaye. Mun shirya daga baya, ranar da aka tura Ummi aiki Tsafe shi ya kai ta da motarsa. Ita kuma har yau da dama take rubutu, rubutun yana nan yadda kuka san shi, da dama take ci, da dama take gaisawa. Bindigar tana ƙugunta na hagu, kuma zuwa ranar da nake wannan rubutu addu'ar Inna tana kamawa, ba ta taɓa harbin mutum ba.

Inna ta rasu bayan shekara biyu. Cikin jikokina yanzu akwai bahagwai biyu. Ana koya musu ci da sha da gaisuwa da dama, sauran kuwa an bar musu. Tun daga shekarar nan ba a sake ɗaure hannun yaro a gidanmu ba.